Tsirkiyar jitar Kawu Isuhu

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, makon da aka koma lakwal, wato makarantar boko, shekarar da na cika goma. A lokacin ba ma zuwa lakwal ranar Alhamis. Na gama ɗebo ruwa a famfo, na hura wa Inna gawayin masar da take sayarwa a ƙofar gidanmu a unguwar Zongo cikin birnin Waga, ina cikin tsallen roba da ƙawayena sai Kawu Isuhu, ƙanen Inna, ya fito da jita rataye a bayansa, ya ce in wanko ƙafa, yau za mu situdiyo a unguwar Wemtenga a ɗauki muryarmu a kaset.

Kawu direban babbar mota ne, Waga zuwa Yamai. Tun rasuwar Babanmu shi ke riƙe da gidan, buhun masara da littattafan lakwal duk daga motar nan suke fitowa. In ya sauka daga hanya yakan zauna gindin darbejiyar tsakar gida ya kaɗa wata waƙa da ya yi wa direbobi, ni kuma in riƙa amshi ina wanke-wanke. Jitar ta sha hanya kamar mai ita. Zufa da raɓar damina sun cinye tsirkiyoyinta, in ya gama kiɗi sai ka ga tsatsa a yatsunsa. Kullum Inna ta yi magana sai ya ce, "Muddin ba ta tsinke ba, da sauranta."

Situdiyon wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon gyaran rediyo, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai. Da aka rufe ƙofa sai ƙarar titi ta ɗauke ɗif, har bugun zuciyata nake ji. Mai wurin, wani Bamoshe mai yawan shiru, ya sa abin ji a kunne, ya saurari Kawu kaɗan, ya girgiza kai. Ya ce tsirkiyoyin sun mutu, a tsakar gida kunne na iya yafe musu, amma na'ura ba ta yafewa. Ya ba shi sababbi, ya ce ya je ya ɗaura su su kwana biyu su zauna, sannan mu dawo. Kawu ya ce gobe da sassafe motarsa za ta tashi, yau ɗin ce kawai.

Nan ya zauna yana ɗaurawa cikin hanzari. Da ya zo kan ta ƙarshe, siririyar, ya sunkuya yana murɗa maɗauri, sautin na ta hawa yana ƙara tsini. Sai na ji tas. Kawu ya saki jitar ya dafe idonsa na dama, jini ya biyo tsakanin yatsunsa. Bai yi ihu ba, salati kawai yake yi ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya fi ihu tsorata ni. Sai ya ce, "Rabi, ɗiyata, ba ni kallabinki."

Mu uku muka hau mobilet, ɗan babur ɗin mai situdiyo, Kawu a tsakiya, ni a baya na miƙa hannu na danne kallabin a fuskarsa. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ɗumin jini ya ƙaru a tafina. A gidan likita aka bar ni kan benci a waje. Yarinya ce ni, amma na san babu mai ba mai ido ɗaya babbar mota. Na riƙa tuna ƙannena da kaskon masar Inna.

An ɗinke fatar idon, aka naɗe shi da bandeji. Likita ta ce tsirkiyar ta shafi ƙwayar idon, ba za a san komai ba sai an kwance. Washegari motar ta tafi da wani direba. Kwanakin da suka biyo gidanmu ya yi tsit, Inna na zuba masa tana ƙonewa ba ta lura ba, ni kuma a aji ko tambayata aka yi ba na ji. Ranar kwancewa na bi Kawu da Inna. Kawu ya rufe mai lafiyar da hannu, ya daɗe yana ƙifta ɗayan yana hawaye, sannan ya juyo wajena ya ce, "Wa ya yi miki wannan karkataccen kitso?" Inna ta zauna a ƙasa tana kuka.

Bayan wata guda muka koma Wemtenga. Tun kwana biyu kafin nan ya sauya tsirkiyoyin a tsakar gida, fuskarsa a kauce, yana ja a hankali. A kaset ɗin ana jin muryata tana rawa.

Yanzu ɗana a ɗakinsa yake ɗaukar kiɗa da waya, in bai yi ba ya goge ya sake. Kawu ya tsufa a unguwar Tampouy, yatsunsa sun sandare, tabon na nan a fatar idonsa. Kaset ɗin na cikin akwatina, amma duk unguwar na rasa mai rediyon da zai juya shi. Wani lokaci har tsoron ranar nan nakan yi kewarsa, don a lokacin duk muna gida ɗaya.