Laujen Inna a Ƙofar Lakwal

Ranar wata Litinin ta watan Oktoba, shekarata ta biyu a kolej, na tarar da layi tun daga ƙofar lakwal, wato makarantarmu, har gindin dogonyaro. Malam Ummaru maigadi yana riƙe da wata baƙar na'ura mai kama da muciya, yana shafa ta a jikin kowa da jakarsa, in ta ji ƙarfe sai ta yi kuka. Ba wanda ya tambayi dalili. Ranar Alhamis ɗin da ta gabata wasu samari biyu na babban aji sun yi faɗa lokacin hutun ƙarfe goma, ɗaya ya zaro wuƙa. Ina kusa da su ina cin awara, jinin ya fantsamo har kan takalmina. Wanda aka yanka ya rayu, amma har yau ihun da aka yi ranar yana cikin kunnena.

Ni kuwa a layin nan wani tsoron daban ne ya kama ni, don akwai lauje cikin jakata, naɗe da tsumma a ƙarƙashin littattafai. Ƙauyenmu yana can wajen Tajaye, tafiyar awa guda a ƙasa, kuma da sharaɗi Baba ya bar ni na ci gaba da karatu. "Ki yi lakwal ɗinki," in ji shi, "amma ranar da awakin gidan ga suka kwana da yunwa, an gama." Shi ya sa kullum in an tashi, mu 'yan matan ƙauye muke bin gefen gonakin gero muna yankar ciyawa, ƙarangiya na cizon ƙafa, muna gasar wadda za ta fara ɗaure dami. Laujen na Inna ne, ƙotarsa har ta yi santsi saboda hannunta.

Da layi ya zo kaina, na'urar ta tsala kuka. Yara suka ja da baya kamar na fiddo maciji. Aka kai ni buron dirakta, wato ofishin shugaban lakwal, laujen bisa teburinsa, doka kuwa a fili take: wanda aka kama da makami, kora. Malam Ummaru ne ya leƙo ya ce, "Mushe," haka muke kiran malamai, "wanga abincin awaki ne. Je ka duba bayan katanga ka ga lauje nawa aka cillar da safen ga." Dirakta ya daɗe yana juya laujen, sannan ya ce ƙarfe ba zai shiga aji ba ko na wane ne, amma yana iya jira a ƙofa.

Washegari Malam Ummaru ya kafa ƙusoshi a bangon ɗakinsa, kowace yarinya ta ɗaura wa laujenta zare don ta gane shi. Nawa ja ne. "Sarkin yaƙi, aje makami!" haka yake tarbata kowace safiya har na gama, kuma awakinmu ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Yanzu a Ƙonni nake zaune, ciyawa sai dai in gani bisa amalanke. Ƙanwata Hadiza ce ta gaji laujen da ƙusar, zaren ma bai canza ba. Kukan na'ura har yanzu yana faɗar mini da gaba, amma ina so a shafa ta a jikin kowa, har da Hadiza. Na fi son in ji kukan na'urar a ƙofa da in sake jin ihun da na ji ranar Alhamis ɗin nan.