Saude Mai Sanin Saiwa

Saude 'yar Fannami ce, wani mai tufkar igiya a ɗan ƙauyen da ke bakin fadama tsakanin Auyo da Miga. Ƙauyen ba ya nan yanzu, ruwa ya ci rabinsa, sauran mutanen suka watse. An haife ta tun Nasara ba su ci Haɗeja ba. Uwarta ta rasu tana goye, saboda haka a bayan ubanta ta tashi, cikin dajin kaba.

Fannami ba mai yawan magana ba ne, sai in an zo kan itace. Yakan tsaya gaban ƙaramin tsiro ya ce, "Saude, wannan fa?"

"Kaba ce, Baba."

"Shafa hannun ganyen tukuna. Ƙayar kaba baƙa ce, a lanƙwashe kamar ƙugiya. Wannan kuwa gefensa a tsattsage yake kamar bakin tsohuwar wuƙa. Giginya ce tana ƙarama. In ta girma ita kaɗai za ta miƙe, ta yi ciki a tsakiya. Kaba kuwa goriba za ta zama, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa."

Haka ya koya mata itatuwa masu nono. Aguwa da ake shinge da ita ba ta da ƙaya, nononta ba ya ƙuna sosai. Ƙerana koriya ce mai kusurwa, ƙayarta bibbiyu. Tinya kuwa toka-toka ce, jikinta a mulmule, ganye sai a ƙoli, nononta ne maharba ke haɗa dafin kibiya da shi. Ya ce mata in ta taɓa tinya kada ta kai hannu fuska sai ta goge da yashi.

Da ta isa aure ta auri Kolo, masunci, mutum mai sanyin hali wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ta haihu sau biyu, ba wanda ya tsaya. Fannami ya rasu, ta gaji sana'arsa, tana yanko kaba tana saƙa tabarmi da faifai. Da ba don yunwar Kakalaba ba, da iyakar labarinta ke nan.

A shekarar damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, kogi kuma bai kawo ba. Fadamar da aka saba kamun kifi a cikinta ta bushe ta tsattsage. Masu karɓar haraji suka zo yadda suka saba, suka kora awakin da suka rage. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun zama fayau, aka fara haƙa gidan tururuwa ana neman ƙwayar da ta tara.

Nan sanin Saude ya yi rana. Ta shige gaban matan ƙauye zuwa fadama. Takan dubi busasshiyar laka, ta gano tsohon gurbin bado da ruɓaɓɓen ganyensa mai faɗi, ta ce a tona nan, a fito da saiwa baƙa mai kaushi, cikinta fari. Ta san gindin giginyar da 'ya'yanta suka nutse cikin ƙasa suka yi muruci. Ta hana a ci 'ya'yan anza masu ɗaci sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa. Da ruwan farko ya sauka, ciyayi suka leƙo duk kamarsu ɗaya, ita ce ke raba tafasa mai ganye marar tsini da rai-ɗore mai ganye da tsini da wari. Ƙauyukan da ke kewaye suna ta binne mutane, nasu ƙauyen ana ramewa amma ana kwana ana tashi.

Bulama Zarami, mai garin, ya kira ta ƙofar zaurensa ya yaba mata. Daga nan ya tsara cewa duk abin da aka tono a kawo gidansa, shi zai raba. Ba wanda ya ja, don rabon yana kaiwa ga kowa, ko da yake na gidansa ya fi tsoka.

Sai baƙi suka fara sauka daga arewa. Mutanen tudu ne, makiyaya da manoma waɗanda dabbobinsu suka ƙare a hanya. Sun san anza, sun san ƙwayar ƙarangiya, amma abin da ke cikin laka da kurmin bakin kogi baƙo ne gare su. Suka zube a inuwar goribobi bayan gari, suna tonon duk abin da ya yi kama da abinci.

Bulama ya tara mutane ya ce, "Fadamar nan ba ta isa mu da su ba. In suka san abin da ake ci, sun zauna ke nan. Kada wanda ya nuna musu kome. Su tona abin da suka ga dama, Allah ya raba su da mu." Ya dubi Saude. "'Yar Fannami, da ke nake."

Ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe."

Ta kuwa ji. Kwanaki tana wuce su da kwandonta, idonta a ƙasa. A kurmin bakin kogi akwai wata saiwa da ake kira gatarin kurege, fara sol kamar doya, ba ta da ɗaci mai korar mutum. Baƙin suka same ta suka yi ta dafawa. Wanda ya ci da safe, kafin la'asar amai da zawo sun kwantar da shi, wasu su ɗauki kwanaki suna shure-shure. Mutanen gari suka riƙa jan gawarwakin da igiya zuwa wani rami. Igiyar ma tufkar Saude ce.

Wata rana da hantsi ta tarar da wata mace durƙushe a kurmin, da yaro a bayanta wanda kansa ke lilo. Matar ta tara farar saiwar a gefen zane, tana ƙoƙarin ɓare ɗaya da haƙori. Akwai matan gari uku a bayan Saude. Ta wuce, ta yi taku kaɗan, sai ta dawo.

"Baiwar Allah, tofar da wannan."

Matar ta ƙanƙame saiwar. "Ni na tona. Ba ta kowa ba ce."

"Ba ƙwace miki zan yi ba. Yaya sunanki?"

"Hajo."

"Hajo, dubi ganyen. Kin ga bakinsa ya nannaɗe kamar wutsiya, yana kama ciyawa? Dubi saiwar, a lanƙwashe kamar gatari. Ita ce ke kashe mutanenku." Ta zaro saiwar bado daga kwandonta ta danƙa mata. "Wannan za ki nema. Tafi inda laka ta fi tsagewa, ki dubi busasshen ganye mai faɗin faifai, ki tona ƙarƙashinsa. Gasa ta, ki tauna wa yaron."

Hajo ba ta yi godiya ba, bakinta ya riga ya cika. Washegari da safe baƙin duka suna cikin fadama, kowa da tsinkensa.

Matan nan uku ba su jira an tambaye su ba, suka kai wa Bulama labari. Aka kawo Saude ƙofar zaure, gari ya taru. Mutanen da ta ciyar tun bazara su ne ke cewa a kore ta, ta bi 'yan'uwanta. Bulama ya ɗaga hannu.

"In an kore ta, wa zai zaɓe muku saiwa? Saninta muna so. Yawon ne ba ma so. Mai ido shi ke yawo har ya gamu da baƙo."

A bayan gidansa akwai tsohuwar tinya da wani kakansa maharbi ya dasa. Ya sa aka saro reshe, aka tari nonon a ɓawon goriba. Saude ta ga launin reshen tun daga nesa, ta san ko mene ne. Ta yunƙura za ta gudu, aka tare ta.

Bulama ya ce, "Kolo, matarka ce. Bai kamata wani namiji ya taɓa ta ba. Kai za ka riƙe."

Kolo ya tsaya yana kallon ƙasa. Uwarsa tana kwance a gida, ƙafafunta a kumbure, rabon Bulama kaɗai ke riƙe da ranta. Ya matso, ya durƙusa, ya danne kafaɗun matarsa.

Ta ce, "Malam, kai ne?"

Ya ce, "Yi haƙuri, kada ki motsa, zai fi sauri."

Aka ɗiga mata nonon a idanu. An ce an ji ihunta har bakin kogi. Ta roƙi ruwa, Bulama ya ce sai bayan azahar. A wannan yinin samarin gari suka shiga fadama da sanduna suka fatattaki baƙin, suka kora su hanyar Kaugama. Saude ba ta taɓa jin abin da ya sami Hajo da ɗanta ba, ko da yake shekara da shekaru tana tambayar fatake.

Da kumburin ya saɓe, idanun biyu sun yi fari kamar na gasasshen kifi. Aka shimfiɗa mata tabarma a cikin zauren Bulama. Mata su tono duk abin da suka samu, su zube gabanta, ita kuwa ta bi da yatsa da hanci. Ganye mai gashi ko mai santsi, kara mai kusurwa ko mulmulalle, saiwa mai ɓawo ɗaya ko mai riga kan riga kamar albasa. Na ci ta tura dama, na zubarwa ta tura hagu. Ba ta taɓa kuskure ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi maganar ranar nan. In an gama rabo a ba ta abin da ya rage a gindin kwando.

Bayan kaka ta yi kyau, wani Bature ya zo rangadi daga Haɗeja. Ya ga ƙauyuka da suka zama kufai, ya zo nan ya tarar da mutane a raye. Ya yaba wa Bulama Zarami, daga baya ma aka aiko masa da riga. Baturen mai son sanin sunayen itatuwa ne, saboda haka Bulama ya sa aka fito da Saude don a yi masa wasa. Aka riƙa miƙa mata ganye da rassa tana faɗi, wani tafinta yana juya wa Baturen. Dabino, ta gane shi da ganye mai kama da gashin tsuntsu da ƙayar da ke gindinsa. Tumfafiya, yaɗiya, aduwa. Jama'a suna ta shewa.

Baturen ya tambayi abin da ya sami idonta. Kafin tafinta ya rufe baki Bulama ya ce, "Ranka ya daɗe, haɗarin sana'a ne. Itace ta sara, nonon ya fantsamar mata." Sai wani ɗan Bulama, don ya ƙara wa wasan armashi, ya ɗora mata guntun reshe a tafin hannu. Ta shafa shi sau ɗaya.

"Tinya ce," in ji ta.

Aka fashe da dariya, Baturen ma ya yi murmushi, don bai san abin da ake wa dariya ba. Ya sa aka ba ta ƙullin gishiri, matar Bulama ta karɓa ta ajiye mata.

Da ƙoshi ya dawo, mutane suka daina son ganinta. Mata in sun hango ta sai su sauya hanya. Kolo bai iya zama ɗaki ɗaya da ita ba, ya sake ta, ya koma wajen Auyo da komarsa. Ta zauna a tsohuwar bukkar ubanta tana saƙa, masu yanko mata kaba suna ɗaukar tabarma biyu su bar mata ɗaya. A haka ta yi shekara fiye da goma.

Sannan yatsunta suka fara mutuwa. Da fari ta zaci sanyi ne. Saƙarta ta soma karkacewa, takan riƙe zaren kaba ba ta san ta riƙe ba. Ta ɓoye abin iyakar ƙoƙarinta, in an kawo mata ganye a tambaya sai ta kai shi hanci ko ta ɗora a harshe. Ranar da asirin ya tonu, wata maƙwabciya ce ta shigo neman wuta, ta tarar da ita tana gyara murhu, yatsanta na cikin garwashi yana hayaƙi, tana ta yi mata sannu da zuwa. Kuturta ce.

Bulama Zarami, wanda a lokacin ya tsufa ana girmama shi har a garuruwan nesa, ya sa aka kafa mata bukka can bayan gonaki. Aka ce kowane gida zai riƙa aika mata da abinci. An yi hakan wata damina guda, daga nan abin ya koma sai wanda ya tuna.

A shekarar yunwar Mai Buhu, wasu mata suka tuna da ita, suka ɗauki kwandunan saiwa suka je. Suka tsaya daga nesa suka ce ta fito ta zaɓe musu. Ta rarrafo bakin ƙofa, ta ɗaga musu dungulmin hannayenta. Ta ce in za su matso su gaya mata kamannin ganyen, za ta faɗa musu. Ba wadda ta yarda ta matso. Suka kwashi kwandunansu suka koma, ba su bar mata ko ɗaya ba.

Wani makiyayi ne ya zo ya gaya wa gari cewa ungulaye sun yi yawa a bayan gonaki. Liman ya aiki mutum biyu. Suka tarar da gawarta, suka ga ba za su iya taɓa ta ba, sai suka haƙa rami a cikin bukkar, suka tura ta da sanda, suka rusa bukkar a kanta. A makon Bulama yana aurar da jikarsa, don haka ba a yi zaman makoki ba.