Katin Tanti Balki

Ranar wata Asabar a farkon Disambar 2007, ina da shekara goma sha ɗaya, na hau bene riƙe da wasiƙun da na kwaso daga akwatin gidanmu na kusa da titin Wendover, a ƙasar Turawan da muke zaune, yatsuna sun sandare don sanyi. Na tarar da Tanti Balki zaune kan kafet ta miƙe ƙafafu, tana tsince busasshen zogale a faranti, idonta kafe a talabijin. Wani tsohon fim ake yi, irin waɗanda ake ta maimaitawa duk ƙarshen shekara, maza da huluna da sanduna, mata da riguna masu faɗin ƙasa, ana cikin magana sai kawai a ɓarke da waƙa da rawa, ƙanƙara na zuba a bayan taga. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Nafisa, zo ki gaya mini, me ya ce mata ta yi fushi haka?"

Tanti ƙanwar Mama ce. Ta zo daga Maradi shekara guda kafin nan, bayan rasuwar mijinta, don ta taya Mama kitso a shago. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Ɗakuna biyu ne a gidanmu, saboda haka aka shimfiɗa mata katifa a nawa, aka kwashe rabin kayana daga kabad don nata su samu wuri. Ɗakin ya koma ƙamshin turaren wuta da man kaɗanya, har 'yan ajinmu a motar makaranta suka fara shinshina rigata suna toshe hanci. Ni kuma aka ɗora wa yi mata tafinta a asibiti da kanti da waya. Ranar Asabar, sauran yara na tsere da kekuna a filin ajiye motoci, ni ina wanke kwanuka, in kai wanki ɗakin injunan wanki na ƙasa, in dawo in zauna ina fassara mata soyayyar mutanen da suka daɗe da mutuwa.

Finafinan nan su ne hutunta. Ta ce suna tuna mata da silimar Maradi, inda marigayi yakan kai ta kallon Indiya. Abin da ya fi burge ta shi ne ba a barin kowa shi kaɗai. Za a samu saɓani, a yi kuka, a rabu, amma kafin a tashi sai an shirya. "Ki duba," takan ce, "har tsohuwar mai dafa abinci sai da suka samo mata wanda zai riƙe mata hannu." Takan zana rigunan matan a bayan takardun talla, ta bi waƙoƙin ƙasa-ƙasa alhali ba ta san ma'anar kalma ko ɗaya ba. In Mama ta ce bikin Kirista ne, ta rage ɗoki, sai ta ce ita rawar take kallo.

Cikin wasiƙun ranar akwai wani kati mai hoton gida cikin ƙanƙara, daga wani shagon tayoyin mota, irin wanda ake jefa wa kowane gida. Tanti ta ɗauka, ta shafa ƙyalƙyalin da ke jikinsa, ta tambaye ni na wane ne. Na san abin da nake yi. Na daɗe da lura da yadda take gyara mayafi duk lokacin da Malam Yahuza ya zo gaishe da Baba. Mutumin zangon Kumasi ne, mai kunya, ba shi da mata, yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, kuma shi ke samo wa jama'armu raguna a wata gona a garin McLeansville. Na ce, "Naki ne, Tanti. Daga Malam Yahuza." Na buɗe katin ina bin layukan da yatsa, ina aro kalmomi daga finafinan nata. Wai tun ranar da ta ba shi kunun gyaɗa take ransa, kunya ce ta hana shi magana, in ta amince ta sa jar riga ranar Sallah zai gane.

Sau uku ta sa na maimaita, ina ta kiyayewa kada ƙaryar ta sauya. Ta soya mini wainar fulawa, ta ce kada in gaya wa Mama tukuna. Babbar Sallah ta faɗo wajen ashirin ga Disamba a shekarar, saura kamar mako biyu. Kullum da safe kafin su tafi shago sai ta hau keken ɗinkin Mama, tana haɗa jar riga mai farin baki irin ta matan fim. Ni na riƙe mata tef tana awo. Na samu damar faɗin gaskiya ya fi sau goma. Maimakon haka na ba 'yan motar makaranta labarin da Turanci, suka yi ta dariya, kuma ranar ce ta farko da suka matsa mini na zauna a tsakiyarsu.

Ranar Sallah aka taru a wani zaure da aka yi haya, mata a gefe guda cikin shadda da leshi, Tanti kuwa ja wur a tsakaninsu. Ta jira har Malam Yahuza ya zo wucewa da tiren nama, ta miƙe, ta rusuna ta ce, "Malam, na ga saƙo, na gode," ta zaro katin daga jakarta. Bawan Allah bai san komai ba. Ya ajiye tiren, ya karɓa, ya karanta a fili yana fassarawa: wanda ya sayi taya uku za a ba shi ta huɗu kyauta. Wata Hajiya ta fizge katin ta ɗaga sama. "Balki, yanzu taya ce ta aiko neman aurenki?" Wata ta ce ga amaryar Baban Kirsimeti. Dariya ta tsallaka har gefen maza. Ni ma na yi, na fi kowa ɗaga murya. Tanti ta bi zauren da ido har ta same ni, ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta koma ta ɗauki ludayi ta ci gaba da zuba wa mutane shinkafa.

A mota Mama ta matsa mata da tambayar wanda ya karanta mata katin. Ta ce ita ce ta yi wa hoton mummunar fahimta. Da muka shiga ɗaki ta ninke rigar ta sa a ƙasan akwati, ta ce, "Da kin ce mini ɗakinki kike so, 'yata, da na koma falo." Ba ta ƙara kirana fassara ba. Takardunta ma sai ta kai wa 'yar maƙwabta. Sunan Balki Taya ya bi ta har shago, masu zuwa kitso na kiranta da shi tana tsefe musu kai. Kafin watan Disamba ya sake zagayowa ta koma Maradi, na samu ɗakina ni kaɗai.

Yanzu kowace takarda waya na karanta wa mutum ita, babu babbar da za ta jira yarinya ta gaya mata abin da aka rubuta. Finafinan ma har yau ana sa su, 'ya'yana kan kalla suna yi wa rawar dariya, ni kuwa in sami abin yi a kicin. Tanti tana nan da ranta. Duk Sallah takan aiko mini da saƙon murya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Har yau ban iya sauraron saƙonta har ƙarshe a zama ɗaya ba.