Ranar da Na Tarar da Inna a Kan Tsani

Jiya na wuce wasu magina suna kwaɓa ƙasa, ƙamshin lakar ya tuna mini da Inna, mahaifiyata. Tun da babanmu ya rasu ba ta taɓa kiran magini ko kafinta gidanmu na Farin Dutse ba. Ita ke ɗaura ƙyaure, ita ke gyara indararo kafin damina, tana yi tana 'yar waƙarta. In an ce ta bari, sai ta yi dariya ta ce, "Ni daɗinsa nake ji."

Shekarar da na samu aikin gwamnati a Birnin Kudu, lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, na sayi babur, na ɗauko wani abokin aikina muka je gida. Muka tarar da ita a kan tsani tana yaɓe katanga, laka har gwiwar hannu, fuskarta cike da annuri.

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Wata 'yar ƙwadago ce."

Ta ji ni. Ta sauko a hankali, ta wanke hannu, ta dama fura ta kawo mana zaure. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Ga shi, ranka ya daɗe. Matar gidan ba ta nan."

Daga baya na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe. Amma da "ranka ya daɗe" ta ci gaba da kirana har ta bar duniya.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa yafewar ta kai zuciyarta.