Giyar da ta hana Inna cin abinci

Shekarun baya can, ba a jima da komawar sojoji bariki ba, na sayi wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya har cikinta na shafar ƙasa. Ni tela ne a Agege, me ya haɗa ni da motar tsere in ba ƙuruciya da son a sani ba? Unguwar da kwata ta fi kwalta yawa. Amma fa ina ƙaunarta, kuma tana da aibi guda: da na sa giya ta uku na taka mai, sai sandar giyar ta kama rawa kar-kar-kar, har gwiwar hannuna na ji.

A lokacin mahaifiyata ta zo daga ƙauye jinyar hawan jini, ina kai ta babban asibitin da ke kusa da Idi-Araba. Likita ya ja mini kunne, ya ce maganinta na farko kwanciyar hankali, kada a bari ta sa damuwa a rai. Inna kuwa ba ta taɓa yarda ta shiga motata ba, ta ce ita ba za ta kwanta a ƙasa da sunan tafiya ba, sai dai mu hau danfo, bas ɗin hayar Legas. Kuma Legas ba garin da take ƙauna ba ne. Nan yayana, ɗanta na fari, ya zo neman arziki, shaye-shaye ya cinye shi, aka binne shi ba ta ga gawarsa ba.

Ni dai rawar sandar nan ta hana ni sukuni. Ina kan keken ɗinki hankalina na kan mota. Bakanikena wani Bayarabe ne a Ogba, mai Hausa a baki kamar jakin Kano. Farko ya ce robobin gindin sandar ne suka cinye, aka sake su, rawa na nan. Ya ce taya ne, aka yi balansin, rawa na nan. Wani ya ce farfela ce, wani ya ce kuloci, wani ma ya ce in sayar tun ba ta mutu a hannuna ba.

Kullum bayan la'asar abokina, haifaffen Agege, yakan zo mu zauna a bencin ƙofar gida, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Inna, mu yi ta fashin baƙi.

"Wallahi giyar nan ta ishe ni," in ce. "Ta ɗaya lafiya lau, ta biyu ma haka. Da na kai ta uku sai hannuna ya kama rawa."

"Oga, ka rabu da ita mana," in ji shi. "O ti to, ya isa haka. Duk abin da ka samu a kanta yake ƙarewa."

"Ba zan iya rabuwa da ita ba. Ta riga ta shiga raina."

Ku ji fa irin zancen da nake yi da ƙarfi, ƙarƙashin tagar tsohuwar da ba ta san giya ba sai ta kwalba.

Sai Inna ta fara canjawa. In na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki. In na dawo daga waje ta kira ni kusa wai in gyara mata matashi, ashe bakina take shinshina. Abinci ta daina taɓawa sai ɗan kunu. Da muka koma asibiti likita ya auna ta, ya dube ni a fusace, ya ce me nake yi wa tsohuwar nan, jinin ya fi na ranar da na kawo ta hawa. Na tsorata ƙwarai. Na tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai a gidan, ta ce babu. Ko ruwan Legas ne bai karɓe ta ba, ta ce babu. Na rasa inda zan sa kaina, ga uwa tana ramewa, ga mota tana rawa, ɗinkin mutane ma na fara ɓatawa.

Ranar nan da safe na tarar ta ɗaure kayanta. Ta ce in kai ta tashar motocin Arewa, gida za ta. Na ce Inna magani fa bai ƙare ba. Ta ce Allah ne mai magani. Na roƙa, na durƙusa, na sa maƙwabciyarmu ta sa baki, ina, ko gezau. Ana yayyafi, danfo ta yi wuya, dole ta yarda na lallaɓa ta cikin jar motar, ta zauna a takure tana jan carbi.

Muka fito titi, na sa ta ɗaya, na sa ta biyu. Hanya ta ɗan buɗe, na sa ta uku na taka mai, sandar ta kama halinta. Raina a ɓace yake dama, na dake ta da tafin hannu na ce, "Kin gani ko, tsinanniyar giyar nan ta fara."

Carbin ya tsaya.

"Wace giya?"

"Wannan mana, Inna." Na nuna mata sandar. "Giyar mota. Ita ce ta dame ni duk kwanakin nan."

Ta dubi sandar, ta dube ni. "Wannan ƙarfen ne giya?"

"Haka ake ce mata."

"Ita ce in ka kai ta uku hannunka ke rawa?"

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Na tuna bencin, na tuna tagar, na tuna gyaran matashi. Na gangara gefen titi na tsaya, wani ɗan okada a kan babur ɗinsa na zagina da Yarbanci ban ko kula shi ba.

"Inna, kina nufin kin zaci ni..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce, "Auta, garin nan ya karɓe mini ɗaya. Cewa na yi gara in tafi da in zauna ina kallo ya karɓe na biyu." Ko a ranar ba ta ambaci sunan yayana ba, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba.

Na rantse mata da Allah ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba. Ta ce in ja motar ta ji da kanta. Na sa ta uku, ta ɗora hannunta a kan sandar, rawar ta kama ta har kafaɗa. Sai ga Inna tana dariya, tana share ido da gefen mayafi, tana cewa amma masu mota ba su da kirki, duk sunayen duniya su rasa na ba ƙarfe sai wannan. Ta ce in juya gida, kuma in tsaya wajen mai ƙosai, yunwa take ji.

Bayan 'yan kwanaki bakaniken ya ɗora motar a kan rami, ya sa ƙarfe ya ɗaga akwatin giyar, sai ga shi yana lilo. Ashe robar da akwatin ke zaune a kai ce ta tsage, mai ya jiƙa ta ta ruɓe, shi ya sa da an taka mai inji ya murɗa sai sandar ta ɗauka. Ya sake ta cikin ɗan lokaci. Da na zo kai Inna asibiti da kanta ta nufi motar, ta ɗora hannu a sandar tun daga ƙofar gida har Idi-Araba.

"Ta daina," in ji ta.

Likita ya auna, jininta ma ya sauka.

Inna ta rasu da daɗewa, motar ma tuni ta zama kayan gwangwan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanakin da ta yi tana jin ɗanta na cewa ba zai iya rabuwa da giya ba, ta haɗiye ita kaɗai don kada ta kunyata ni. Yanzu yarana suna mini dariya, wai Baba bai iya sunan kayan mota ba. Har yau sanda nake ce wa giyar mota.