Takardar Sallamar Malam Isiya

Har yau ranar da Manaja ya kira ni ofishinsa ba ta fita daga raina ba. Ya ce, "Malam Lawal, kamfani ya girma, rajistar hannu ta gaji. Ka zaɓo mana manhajar kwamfuta da za ta riƙe sunayen ma'aikata, da zuwansu aiki, da albashinsu."

Lokacin ni ne shugaban ofishin ma'aikata a wani kamfanin hatsi da taki a Funtua, muna da sito a Malumfashi. Karatuna bai wuce sakandare ba, ga raɗe-raɗin za a kawo mai digiri a kujerata. Hankalina ba a kwance yake ba. So nake a ga ni ma na waye.

Kamfanoni biyu suka kawo hajarsu. Ta farko a waya take, helima, wato shugaban 'yan dako, shi zai shigar da wanda ya zo. Ta biyu sai kowa ya dangwala yatsa da kansa, wanda bai dangwala ba kwana goma a jere, ita da kanta za ta fitar masa da takardar sallama. Ita ta burge ni.

Madam Grace, akawunmu, haifaffiyar Funtua, ta ce, "Baba, ka tambaye su batun damina kuwa?"

Na ce, "Ke dai tsoron na'ura kike yi."

Ta ce, "To, mai digiri, Allah ya ba da sa'a."

Na san abin da take nufi sarai. A wurinmu, in damina ta kankama, ɗan dako kan tafi noma ya turo ɗan'uwansa ya tsaya masa. Helima ya sani, aiki ba ya tsayawa, sunan mutum na nan. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, ni kuma na ji kunyar faɗarsa gaban baƙi masu kwat. Na sa hannu aka sayi ta biyun.

Da aka shiga noman farko, Malam Isiya na Maska, wanda ya riga ni shiga kamfanin, ya tafi gonarsa, ƙanensa ya yi ta sauke taki a madadinsa. Na'ura ba ta san ƙane ba. Takardar sallamar Malam Isiya ta fito cikin wasu takardu, na rattaba hannu ban karanta suna ba.

Ya same ni a bakin sito da takardar a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lawal, buhu nawa ya kwana a mota saboda ni?"

Na ce, "Ko ɗaya, Yaya. Kwamfuta ce..."

Ya ce, "Kwamfuta ce ta sa wannan hannun?"

Na garzaya wurin Manaja. Ya ce, "An riga an cike gurbinsa. Da ka san da wannan al'ada, me ya hana ka faɗa tun farko?" Sai bayan haka aka sa wurin rubuta wakili a manhajar, gyaran da bai ɗauki mako guda ba. Sau biyu ina hawa babur zuwa Maska wurin Malam Isiya. Ya karɓe ni, ya ba ni ruwa, amma ya ce ya gama dako.

Ku da za ku zaɓi irin wannan kaya, ku fara zama da helima da 'yan dako kafin ku zauna da mai talla. Yawancin abin da ke riƙe da wurin aiki ba a rubuce yake ba, kuma wanda ya san shi ya ƙi faɗa, laifin nasa ne. Ni na sani, na yi shiru.