Wuyan Rigar Hamajoɗa

"Katifa fa na ce maka. Har da ɗan matashin kai."

"Ta kare?"

"Ta kare mana, mai ƙafa huɗu. A Jambutu ake ɗinkawa, masu manyan gidaje su saya."

"Kai, mun ga ta kanmu! Ni a kan kwali nake kwana a gareji."

"To ka fito da wutsiya, sai a ɗinka maka."

"Da wane yadi suke yi?"

"Wane yadi? Tsofaffin kayan da mutane ke kai wa ƙungiyar nan sadaka. Su yayyanka, su harhaɗa."

Masu keke-napep biyun da ke shan kunu suka kwashe da dariya. Gogo Na'inna kuwa ludayinta ya tsaya cak a cikin tukunya.

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Dubeli a Jimeta da safe ya san Gogo Na'inna mai kunun gyaɗa. Kununta da kauri, bakinta da zafi. Wanda ya ce tsamiya ta yi yawa, sai ta karɓe kofin ta nuna masa hanya. Da wannan tukunya ta rene ɗanta tilo, Hamajoɗa, bayan rasuwar ubansa, har ya zama saurayi yana tuƙa keke. Shekarar da bam ya tashi a kasuwa, ya sauke fasinja a wurin, bai dawo ba.

Kowa ya san yadda ake yi da tufafin mamaci: a ba mabukaci ya sa, lada ya riƙa isa ga mai su. Gogo ta ƙi. Ta zuba kayansa a akwatin ƙarfe, ta tura ƙarƙashin gado. Liman ya yi magana, ƙannenta suka yi, ta ce wanda ya haifa mata shi ya zo ya buɗe. Shekaru suka yi ta wucewa. Sai a azumin bana zuciyarta ta saki, ta ɗauki akwatin ko buɗewa ba ta yi ba, ta kai wa Rebeka.

Rebeka ba baƙuwa ba ce a wurinta. Daga Michika ta gudo da ƙafa lokacin tashin hankali, ta iso Jimeta ba miji ba takalmi, kuma a bakin tukunyar Gogo ta fara sa abu mai ɗumi a cikinta. Yanzu ita ke riƙe da ƙungiyar da ke koya wa samari da 'yan matan da rikici ya maraita ɗinki. Gogo ta ce a ranta, in dai marayu za su sa, to kayan sun sami gida.

Ta rufe tukunyar, ta bar wa maƙwabciya, ta tare keke zuwa Jambutu.

A ƙofar shagon ta tarar da su, an jera an ɗaure da igiya ana jiran mai ɗauka: katifu ƙanana masu zagaye, kowace da ƙyalle kala-kala. Ba ta sha wahalar nema ba. A tsakiyar ta sama, daidai inda kare zai ɗora cikinsa, ga wuyan shuɗiyar shaddar Hamajoɗa, da aikin zarensa fari. Ga ma wurin da garwashin dutsen guga ya ƙona ranar wata Sallah, ita da hannunta ta cike da zaren da bai dace ba, yana ta yi mata tsiya.

"Rebeka!"

Kekunan ɗinki suka yi shiru. Rebeka ta fito da tef a wuya.

"A'a, Gogo! Sannu da zuwa. A kawo kujera..."

"Riƙe kujerarki. Mene ne wannan?"

Rebeka ta dubi inda yatsan ya nuna. "Gogo, bari in yi miki bayani."

"Na ba ki kayan ɗana ki ba mutum. Mutum na ce! Ni da ko kwanon da kare ya lasa sai na wanke shi da ƙasa, shi ne za ki shimfiɗa masa rigar Hamajoɗa? Ladar da nake nema wa yaron ke nan? Kare ya yi birgima a kan wuyansa?"

"Sauran kayan duk an sa su. Wandunansa, rigunan aiki, har takalmin, wallahi suna jikin mutane. Wannan ce kaɗai asu ya cinye. Da muka ɗaga ta, bayan ya rabe biyu a hannunmu. Ta daɗe a akwati, Gogo."

Maganar ta soki Gogo inda ba ta zata ba, sai fushin ya ƙaru. "Au, laifina ne ke nan? Da kika ga ta lalace, ƙafarki ta karye ne? Ba ki san hanyar Dubeli ba? Da yunwa ta koro ki ai kin santa!"

Fuskar Rebeka ta canza. Ita ma ba ta iya haɗiye magana ba.

"Na santa, kuma ban manta ba. Amma kina tsammani daɗi nake ji? Ni da na kwana a kan dutse da jariri a baya, yau ina auna tsawon kare da tef! Masu manyan motoci sun zo, sun ɗauke mu hoto, sun tafi. Mun ɗinka jakunkuna, ba mai saye. Mun ɗinka zannuwan gado, aka ce na kanti ya fi. Mutumin da zai yi ciniki da ke har ki yi kuka a kan rigar yaro, in don karensa ne ko tayawa ba ya yi. Karnukan nan ne ke sa mana zare a keke, su ne ke ciyar da waɗannan." Ta nuna cikin shagon. "Ki yi fushi da ni, amma ki haɗa da garin nan duka."

"Garin bai karɓi akwati daga hannuna ba. Ke kika karɓa."

Rebeka ta juya ciki. Ta dawo da reza, ta yanke igiyar, ta sauko da katifar.

"Ba a kai ba tukuna. Babu abin da ya hau ta."

Gogo ta fizge rezar. "Kar ki taɓa."

Nan bakin titi ta zauna a ƙasa, ta ɗora katifar a cinya, ta shiga farke ɗinkin zare bayan zare. Ba ta yarda rezar ta taɓa shaddar ba. Tsummokaran da aka cusa a ciki suka zubo mata a zane. Da ta gama, abin da ya rage na rigar bai fi faɗin faifai ba.

Ta ninke shi za ta cusa a lalita, sai ta tsaya. Akwatin ƙarfen ya faɗo mata a rai, da duhun ƙarƙashin gado, da asu. Ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta miƙa wa Rebeka ƙyallen ba tare da ta dube ta ba.

"Ban huce ba, kar ki ɗauka na huce. Amma ki samo sabon yadi, ki ɗora wannan wuyan a kai, ki ba ɗaya daga cikin samarin nan. Ko masallaci yake zuwa ko coci, ba ruwana, in dai da ƙafa biyu yake tafiya. Ranar da ya sa, ki turo mini shi Dubeli ya sha kunu, ina so in gani da idona."